Hotunan Tsohuwar Kaduna: Mu Adana Abin da Ya Rage Kafin Ya Ɓace

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, wanda reshen Kaduna ya ɗauki nauyi)



Gabatarwa

Da farko muna miƙa godiyarmu ga kwamitin shirya wannan taro, wanda ya ga dacewar ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu a gaban wannan jama'a mai daraja. An nemi mu yi magana a kan tarihi. To, da yake tarihi kogi ne mai faɗi, sai muka ga ya fi amfani mu taƙaita a kan aiki guda ɗaya wanda wannan ƙungiya za ta iya yi da hannunta, da ɗan abin da take da shi, ba tare da jiran gwamnati ba. Wannan aiki shi ne ɗaukar hotunan masana'antu da unguwanni da tsofaffin wuraren birnin Kaduna, tare da tattara tsofaffin hotunan da ke hannun dattawanmu, tun suna raye.

Me ya haɗa mu da Kaduna?

Wani na iya tambaya, ina ruwan ƙungiyar ci gaban garinmu da hotunan Kaduna, alhali muna da rijiyoyin burtsatse da ba su aiki, da azuzuwan da iska ta yaye wa rufi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin gonakin iyayenmu.

Garinmu ƙasar auduga ce. Tun zamanin kamfanin BCGA, wanda iyayenmu ke kira Bisije, manomanmu suke kai audugarsu kasuwar awo bayan kaka, a auna, a biya su, a kwashe ta zuwa injinan gurza na irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. A farko Ingila ake kai ta. Da aka kafa masaƙu a Kaduna, sai akalar wani kaso mai yawa ta juya zuwa nan. Daga baya kuma 'ya'yan manoman suka bi sawun audugar. Babu wata unguwa a garinmu da ba ta ba da matashi ko ɗaya ga masaƙun Kakuri ba. Da albashin masaƙa aka yi wa ɗakunan iyaye rufin kwano, da shi aka yi aure, da shi aka saya wa ƙanne litattafai da kayan makaranta. Da yawa daga cikin likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikatan da ke zaune a wannan zaure, gumin wani yayansu mai aikin dare a masaƙa ne ya kai su inda suke. Saboda haka rabin tarihin garinmu na shekaru hamsin a Kaduna yake kwance.

Yadda Kaduna ta zama birnin masana'antu

Domin amfanin matasa, bari mu waiwaya kaɗan, tunda waiwaye adon tafiya ne. A shekarar 1917 Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, a ƙasar Gbagyi. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ruwan kogi da kuma layin dogo, wanda ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911. Daga baya layin da ya taso daga Fatakwal shi ma ya zo ya haɗe a nan. Waɗannan abubuwa biyu, ruwa da jirgi, su ne kuma suka jawo masana'antu.

A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A farkon shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, da jarin mutanen ƙasashen waje, har da na Japan da Hong Kong. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take, kuma daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999 zuwa 2007.

Faɗuwar ba ta zo dare ɗaya ba. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da aka fara a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi wuyar samu. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje, ga kuma fasa-ƙwaurin atamfa mai araha ta kan iyakoki. KTL ta rufe a 2002. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe a 2007, ko da yake an yi ƙoƙarin farfaɗo da ita daga baya. Dubban magidanta suka wayi gari ba aikin yi, wasu suka koma gida noma, wasu suka kama acaba, wasu kuma suka rasu suna jiran haƙƙinsu.

Abin da ido ya gani amma ba a ɗauka ba

Mu da muka yi makarantar horon malamai a ƙarshen shekarun 1970, mukan zo Kaduna hutu wajen yayyenmu. Mun ga Kakuri lokacin tashin aiki. Jiniya za ta yi kuka, a buɗe ƙofofi, kekuna da babura su cika titi har mota ta rasa hanya, masu shiga aikin yamma suna kutsawa ta cikin masu fitowa. A bakin ƙofa ga masu tuwo da masu ƙosai da masu shayi, kowace da littafin bashinta, sai ƙarshen wata. Ranar albashi kuwa, har mai gyaran agogo ya san an biya.

Da muke shirya wannan jawabi, mun zagaya gidajen tsofaffin ma'aikata 'yan garinmu, muna neman hoton wannan cincirindo. Mun sami hotunan aure, da na Sallah, da na katin shaida, amma ba mu sami ko ɗaya na bakin ƙofar masaƙa ba. Dalili kuwa a fili yake. A wancan zamani fim ɗin kyamara hoto 24 ko 36 yake ɗauka, ga kuɗin wanki, don haka sai ranar ado ake kiran mai hoto. Ban da haka, abin da mutum yake gani kullum safiya ba ya kawo wa ransa cewa wata rana zai ƙare.

Ku dubi dalar gyaɗa ta Kano. Yau babu buhu ko ɗaya a filin, amma kowane ɗan firamare ya san siffarta, domin wasu sun ɗauka sun ajiye, har ga zanen dalar buhuna a bayan takardar naira 200. In da ba a ɗauka ba, da labarinta ya koma tatsuniya. Gani ya kori ji. A shekarun da muka yi muna koyarwa, mun tabbatar da cewa hoto ɗaya da aka kafa a jikin allo yakan zauna a ƙwaƙwalwar yaro fiye da bayanin darasi uku.

Garin kuma bai tsaya jiran kowa ba. Otal ɗin Durbar, wanda aka gina domin baƙin bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a watan Janairun 2020. A cikin shekarar ne kuma aka rushe tsohuwar Kasuwar Barci ta Tudun Wada, matattarar 'yan gwanjo da teloli, domin gina sabuwa. Tsohuwar gadar sama ta Kawo ta ba da wuri ga wata sabuwa. Tun 2016 da aka buɗe layin Abuja, in an ce tashar jirgi, Rigasa matasa suka sani. Ba muna kushe sabon gini ba ne, gari mai rai dole ya sauya kama. Abin da muke cewa shi ne, kafin katafila ta iso, ya kamata mai kyamara ya riga ta.

Abubuwan da ya kamata a ɗauka

Mun kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko, masana'antun kansu. A ɗauki ƙofofinsu, da allunan sunayensu ko da fenti ya koɗe, da dogayen bututun hayaƙi, da tankunan ruwa, da guntayen layukan dogo da ciyawa ta rufe. A ɗauki rumfunan masu abinci da ke bakin ƙofa, da wurin da ake jingine kekuna. A haɗa da tsohuwar tashar jirgi ta Kaduna da gidajen ma'aikatan reluwe.

Kashi na biyu, unguwannin da mutanenmu suka zauna: Makera, Kakuri, Nasarawa, Tudun Wada, Tudun Nufawa, Unguwar Shanu, Kawo da Rigasa. A nan muna roƙon a mai da hankali ga gidajen haya masu ɗaki-ɗaki, masu rijiya ɗaya da madafa ɗaya, domin su ne ake saurin sayarwa a rushe a gina shaguna. A cikin irin waɗannan gidaje ne Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe da Banufe suka zauna tsakar gida ɗaya, matansu suna aron gishiri, 'ya'yansu suna cin tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, jama'a da yawa suka ƙaura, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa, kogi ya zama kamar iyaka. Yaron da aka haifa bayan wannan lokaci, yau ya isa aure, kuma bai taɓa sanin wata Kaduna ba sai rababbiya. In muka gaya masa da baki, zai ɗauka daɗin bakin tsofaffi ne. In ya ga mahaifinsa a hoto, kafaɗa da kafaɗa da abokan aikinsa na kowace ƙabila, zai yi shiru ya yi tunani. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin aikin.

Kashi na uku, gine-ginen tarihi: zauren Lugard Hall, inda majalisun Jihar Arewa suka zauna, wanda yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take ciki; Arewa House, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970; ginin jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966; otal ɗin Hamdala; masallacin Sultan Bello; filin wasa na Ahmadu Bello; da 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, wadda aka kafa a Zungeru a 1904, aka dawo da ita Kaduna a 1954, tana nan a lambun Gamji. Waɗannan sun fi samun masu ɗaukarsu, don haka kada su cinye mana lokaci.

Kashi na huɗu, wanda ya fi kowane gaggawa, shi ne mutane da kayansu. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 20 a 1965, yau ya haura 80. A ɗauke shi, a ɗauki katin shaidarsa, da takardar albashi, da takardar yabo, da katin ƙungiyar ƙwadago, da keken da ya hau in yana nan. Iyayenmu mata su buɗe akwatuna, domin a ƙasan wasu akwai turamen atamfar Kaduna da ba a taɓa yankawa ba, da hatiminsu a jiki. Kada kuma a manta da matan da suka ciyar da ma'aikata a bakin ƙofa, su ma masaƙa ce ta raine su, su kuma suka raini masaƙa. Gini yana iya jiranmu shekara biyar, amma dattijo ba shi da wannan alkawari.

Ladubban aikin

Yau kowane matashi yana da kyamara a aljihunsa, abin da ya rage shi ne tarbiyyar amfani da ita. Ga abin da muke ba da shawara.

A fara da sallama. Kafin a ɗaga waya a unguwa, a je wajen mai unguwa a yi bayani, a tafi da wani dattijo da aka sani a wurin. Duk wanda ya ce ba ya so a ɗauke shi, ko saboda fahimtarsa ta addini ko don wani dalili nasa, a girmama shi. Kada a shiga cikin gida sai da izinin maigida, kada a ɗauki matan aure sai da yardarsu. Kada a ɗauki dattijo a cikin halin da ba zai so jikokinsa su gan shi ba. A ba shi lokaci ya sa rigarsa da hularsa. Tarihi muke nema, tallar talaucin wani ba ta cikin aikinmu.

A kiyaye doka. Barikokin soja, da makarantar horon hafsoshi, da masana'antar ƙera makamai, da matatar mai, da gidan gwamnati, duk a nisance su sai da izini a rubuce. Masaƙun da aka rufe suna da masu su da masu gadinsu, don haka ƙungiya ta rubuta takardar neman izini. Kada wani yaro ya haura katanga don neman hoto, rufin ya ruɓe, ciyawa kuma ba a san abin da ke cikinta ba.

A lura da haske. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana, kuma rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Ƙarshen damina, kafin hazon hunturu ya sauko, shi ne lokacin da sararin sama ya fi washewa. Kowane wuri a ɗauke shi sau uku: daga nesa yadda za a ga maƙwabtansa, daga gaba yadda za a ga siffarsa, sannan daga kusa yadda za a karanta rubutun da ke jikinsa. In an sami tsohon hoton wani wuri, a je a tsaya daidai inda mai ɗaukar farko ya tsaya, a sake ɗauka, a jera su biyu.

A rubuta bayani. Hoton da ba shi da bayani kamar takardar jarrabawa ce da ba suna, ko ta yi kyau ba ta da mai ita. Kowane hoto ya zo da abubuwa biyar: sunan wurin, ranar da aka ɗauka, wanda ya ɗauka, waɗanda ke ciki, da abin da aka sani game da shi. A bayan tsohon hoto a yi rubutu da fensir, domin tawadar biro tana huda takarda ta ɓata fuska. A kunna na'urar ɗaukar murya ta waya yayin da dattijo yake bayani, a bar shi ya faɗa da bakinsa.

A tsare gaskiya. Kada a goge bola ko a ƙara wa gini fenti da kwamfuta. Yanzu akwai manhajojin da ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, kuma mun sha ganin an ɗora hoton wani gari a Facebook an ce Kaduna ce a zamanin Sardauna. Abin da za mu tara ya zama wanda ɗalibi mai bincike zai dogara da shi ba tare da shakka ba.

Adanawa

Wayar hannu ba rumbu ba ce. Tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka a tura shi a matsayin fayil. A ajiye kowane hoto a wuri uku: kwamfutar sakatare, da ma'ajiyar intanet, da kuma takarda, wato a wanke mafi muhimmanci a sa a kundi, nesa da danshi da gara. Tsofaffin hotunan dattawa kuwa, a kwafe su a gabansu a mayar musu nan take. Da yawa sun taɓa ba da aro ba a dawo musu da shi ba, shi ya sa suke noƙewa. A kuma leƙa shagunan tsofaffin masu hoto na Tudun Wada da Kakuri, ko Allah zai sa a dace da sauran finafinan da ba su zubar ba.

Shawarwari ga ƙungiya

Muna ba da shawara, Mai girma Shugaba, a kafa kwamiti na mutum biyar kafin a tashi daga wannan taro: tsofaffin ma'aikatan masaƙa biyu, mace ɗaya daga reshen mata, da matasa biyu masu sanin kwamfuta. Aikinsu na farko shi ne rubuta sunayen duk 'yan garinmu da suka yi aiki a masana'antun Kaduna, a jera su bisa shekaru, a fara ziyara daga mafi tsufa. A ba su wata shida su kawo rahoto. Kuɗin da ake buƙata na mota ne da na wanke hotuna, kuma bai kai abin da muke kashewa a abincin taro ɗaya ba.

Muna roƙon editan wannan mujalla ya ware shafi huɗu kowace shekara domin waɗannan hotuna. A kai kwafi ɗaya Arewa House, a kai ɗaya makarantar firamaren garinmu domin malaman tarihi da zamantakewa. Rassanmu na Kano da Legas su ma su duba nasu, domin muna da mutanen da suka yi aiki a Bompai da Sharaɗa da Ikeja. In an gama da birni kuma, a koma gida a ɗauki filin tsohuwar kasuwar auduga da ajin farko na makarantarmu, tun ba a yanka su fuloti ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kowa ya koma gida ya buɗe akwatin mahaifinsa.

Kammalawa

'Yan uwa, muryar ƙungiyarmu ba ta kai ta tayar da injinan Kakuri ba, wannan aiki ne na gwamnatoci da masu jari, kuma za mu ci gaba da yi musu tuni. Abin da ke hannunmu shi ne mu tabbatar jikokin waɗannan bayin Allah sun san fuskokinsu, sun san inda suka yi aiki, sun kuma san cewa an taɓa noma auduga a garinmu, a saƙa ta a Kaduna, a ɗaura ta a Legas. Matashin da ya ga shaidar an taɓa yi, shi ne zai yarda ana iya sake yi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.